Ranar da Kawu Ya Shiga Wurin Likita Ba Sanda

Mu uku ne a ɗakin hayarmu na unguwar Mahdiya, a garin Sabha: ni, da kawuna, wato yayan mahaifiyata, da wani Bakano mai sayar da takalma wanda ya daɗe yana zaune da shi. Kawu Badamagare ne, tsohon soja. Ni kuwa na ƙetare hamada na zo Sabha, a ƙasar Larabawa, bayan na gama jami'a, da takardar karatun Larabci da ta kasa samo mini aiki a gida.

A bakin aiki Kawu ya karye. Motar sojoji ce ta kife da su, ƙashin ƙaurinsa na dama ya tsage dab da gwiwa. Aka ɗora, ya haɗe a karkace, aka sallame shi. Haka ya ƙare a gadin wata gonar dabino a wajen garin Sabha, yana kewaye ta da sanda, gwiwar na kumbura kowace yamma.

Ofishin tsofaffin sojoji na can gida ya ce za a duba ba shi alawus na nakasa, muddin ya aiko da sabon hoton ƙashi da rahoton likita a kan abin da ƙafar ke iya yi. Da wannan alawus ya so ya koma Damagaram ya huta. Ni na cika takardun, ni kuma na raka shi wani asibiti a unguwar Hajara domin in yi masa tafinta.

Da safen, Bakanon ya tare shi a ƙofa da wasan da ke tsakaninsu.

"Bawana, in ka shiga ka yi irin ɗingishin da kake yi mana in an ce ka ɗebo ruwa. Ka yi nishi. In da hali ka yi kuka."

"Kuka sai Bakano," in ji Kawu. "Ku da ruwa kaɗan ya kori kasuwa sai hawaye."

Da aka kira mu, sai na ga ya jingine sandarsa a bango, ya ɓalla maɓallin wuya, ya miƙe ƙyam.

"Kawu, sandarka."

"Ɗana, a wurinmu likita hafsa ne. Ba a shiga gaban hafsa ana dogarawa."

Likitan ya tambaye shi yaya ƙafar. Kawu ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Haka aka rene mu duka. Kakata ma abin da ta faɗa ke nan da safiyar ranar da ta rasu. Na fassara wa likitan yadda Kawu ya faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba.

Likitan ya ce ya tsuguna. Kawu ya tsuguna. Ina kallon jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi na bin bayan kunnensa. Aka tambaye shi ko da zafi, ya ce ba komai. Aka tambaye shi tafiyar da yake iya yi, ya ce, "Har inda aka ce in je."

Likitan ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji daga bakina: yana tafiya ba da taimako ba, gwiwa na lanƙwasuwa, bai koka da ciwo ba. Muna fitowa Kawu ya zube a kan matakala. Kwana uku bai taka ƙasa ba.

Amsa ta zo bayan watanni, shafi guda. Sun yarda ya karye a bakin aiki, amma bisa rahoton likita babu nakasar da za a biya. Muka sake zuwa, wannan karon da sanda, muka aika da rahoto na biyu. Suka ce ya saɓa wa na farko, sai Kawu ya je can gida da kansa a duba shi. Kafin nan gwiwar ta sandare, ba ta iya zaman motar hamada, mai gonar kuma ya ɗauki wani.

Bakanon bai ƙara kiransa bawa ba. Kawu kuwa sau ɗaya ya yi mini maganar, yana shafa gwiwar da man zafi.

"Ni soja ne, abin da na sani na faɗa. Kai da ka yi karatu, ba ka ga ƙafar ba ne?"

Na gan ta. Ina tsaye kusa da ita.

Abin da aka rasa: shekara biyu, aikin gadi ɗaya, gwiwa ɗaya, alawus na sauran rayuwarsa, da komawa gida.