Yadda Lesia Ta Daina Kuka

Stefka Demchuk ba ta taɓa yi wa mai farar riga musu ba. Haka aka tashe ta a unguwar 'yan Yukren da ke arewacin birnin Winnipeg a Kanada: in likita ko fadan coci ya yi magana, naka "to" ne. Ƙarfinta duk a kan keken ɗinki ya ƙare, a masana'antar rigunan sanyi. Mijinta Wasyl yana wajen gyaran jiragen ƙasa, ya dawo baƙi ƙirin, ya sha miyar kabeji, ya miƙe. 'Yarsu ɗaya ce, Lesia, mai surutu kamar rediyo.

A 1953 cutar shan inna ta shigo gari ta yi ta kwasar yara. Lesia tana da shekara huɗu ƙafarta ta hagu ta saki, asibiti suka karɓe ta. Sai da aka ɗau makonni kafin a bar uwar ta shiga, ranar kuwa da ta tashi tafiya yarinyar ta maƙale mata a wuya, ta yi ta ihu har ta yi amai.

"Kin gani ko, Misis Demchuk?" in ji babbar nas. "Kin zo kin tayar mana da ita. Ku iyaye ku ne ke ɓata mana aiki."

Daga nan aka sa Stefka a layin Lahadi. A jikin ƙofar ɗakin yara akwai wata 'yar taga mai duhun gilashi, iyaye mata su jeru, kowacce ta leƙa ta matsa wa ta baya. Ba magana, ba ƙwanƙwasawa, don an ce yaran ba sa ganin wanda ke waje, kuma hakan ya fi musu. Stefka ba ta taɓa fashi ba, ko da ƙanƙara ta kai gwiwa. Da fari takan tarar da Lesia riƙe da ƙarfen gado tana kuka. Daga baya sai kwance, fuska a bango. Can wata Lahadi ta gan ta zaune tana yi wa mai shara murmushi.

"Ta saba," nas ta ce. "Yanzu duk ɗakin nan babu mai hankalinta."

Stefka har godiya ta yi mata.

Bayan wata da watanni aka sallamo Lesia da takalmin ƙarfe. Ƙafa ta yi kyau, surutun ne bai dawo ba. In ta faɗi ta tashi da kanta ta kakkaɓe. Takan hau cinyar kowace baƙuwa, amma in uwarta ta rungume ta sai ta tsaya ƙiƙam har a gama. Maƙwabta suna ta yabo, wai Stefka ta yi sa'ar 'ya. Abin yana cin Stefka, ba ta kuma san sunan da za ta kira shi ba. Wa za ta kai wa ƙarar 'yar da ba ta laifi? Da ta yi wa Wasyl zancen, cewa ya yi, "Ke dai, Stefka, ko aljanna aka kai ki sai kin ce akwai iska."

Lesia ta girma, ta yi aure, ta kama aiki a ɗakin karatu. Takan kira uwarta a waya, ta kai ta wajen likitan ido, duk cikin ladabi irin na maƙwabciyar kirki.

Wasyl ya riga ya rasu sa'ad da wata ɗalibar jami'a ta zo unguwar tana neman iyayen yaran wancan zamani. Ta zauna a kicin ɗin Stefka ta yi bayani. Wai masu nazarin halayyar yara sun zauna a ɗakunan asibiti sun lura: yaron da aka raba da uwa yakan fara da bore, sai ya karaya, sai ya cire rai. Wannan shirun na ƙarshe shi ake ɗauka wai yaro ya saba ne. Har da jariran birai aka yi gwaji, shi ya sa yanzu ake barin uwa ta zauna da ɗanta.

"'Yar nan, sai da kuka tambayi biri?" Stefka ta ce. "Muna nan jere a bakin ƙofa, ba wanda ya ce mana kanzil."

Ta ƙara mata shayi. Ba ta ji haushi ba, gajiya kawai ta ji, har cikin ƙashi. Abu ɗaya ya tsaya mata a rai: Lesia ta tashi tana zaton an yar da ita ne. Wannan kam tana iya gyarawa.

Gab da Kirsimeti suna kicin ɗin Lesia, suna cusa dankali a kwaɓin fulawa suna matse bakin, Stefka ta daure ta ce, "Lesia, lokacin da kike asibiti, ban bar ki ba. Duk Lahadi ina zuwa. Akwai wata taga, ba kya iya ganina ne."

Lesia ba ta ɗago ba.

"Ina ganinki, Mama. Gilashin bai kai duhun da suke faɗa ba. Dukkanmu muna ganinku."

Hannun Stefka ya tsaya.

"Nas ta ce masu kuka ba sa komawa gida. Sai na ɗauka kina zuwa ne ki duba ko na daina. To na daina. Na zauna, na yi murmushi yadda za ki gani." Ta matse bakin wani ta jera a faranti. "Sai kika matsa wa ta bayanki."

Ba da zafi ta faɗa ba, kuma da ma da zafin ne, da ya fi sauƙi. Stefka ta miƙa hannunta, duk fulawa, ta ɗora a kan na 'yarta. Lesia ba ta janye ba. Ta tsaya cak tana jira, har uwar ta ɗauke da kanta.