Kalandar Bayan Ƙofar Baba

Ina kan keken ɗinki a Kwaciri, da hantsi, ƙanena ya kira ni a waya. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri, Baba ya cika." Na yi salati, na ninke yadin da ke hannuna, na kama hannun 'yata muka hau adaidaita zuwa Fagge.

Da na shiga ɗakinsa, kalanda na fara gani. Tana nan bayan ƙofa, a ƙusar da na sani tun ina ƙarama, da guntun fensir ɗaure da zare a jikinta.

Bari in gaya muku abin da ke tsakanina da ita. Ina aji biyu a firamare malaminmu ya aiko wa Baba cewa ba ni da kan lissafi, sai dai in maimaita aji. Baba gyaran agogo yake yi a Sabon Gari, bai yi boko ba. Ya saurari saƙon har ƙarshe, ya ce, "Yarinyar da ta san kwana nawa ya rage Sallah? A bar min ita."

Kowace shekara wata Bayarabiya maƙwabciyar rumfarsa ce ke ba shi kalanda, irin mai manyan lambobin boko, da ƙananan lambobin watan Musulunci a ƙasansu. Washegarin saƙon malamin, bayan asuba, ƙamshin kokon Inna na shigowa ta taga, ya ɗora ni kan kujera 'yar tsugunno a gabanta. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce min.

"Uwata, yau nawa ga wata? To jibi fa? Shekaranjiya fa?"

Sai na amsa zan ja layi a kan ranar, sannan in sha koko. Inna takan leƙo ta ce, "Malam, ka bar yarinya, kokon ya huce." Ya ce, "Ai da ɗazu ne da ya ƙona ta, yanzu ya yi daidai."

Haka muka yi damina guda. Ranar da ruwa ya hana shi fita, darasin ya yi tsawo. Ya nuna min cewa kowace rana gida gare ta, kuma in ka sauka gidan da ke ƙasa ka ƙara bakwai. Da Juma'o'i na koyi bakwai, sha huɗu, ashirin da ɗaya. Da azumi na koyi ɗebewa, domin kowace safiya sai na faɗi nawa muka kai, nawa ya rage.

Amma babban aiki shi ne gyara. Wani lokaci kalanda ta ce wata ya kama, alhali ba a gan shi ba sai washegari. Baba yakan ce, "Mai bugawa ya yi ƙoƙari, amma bai leƙa sama ba." Sai ya miƙo min fensir in bi ƙananan lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, ina rage ɗaya, har ƙarshen shafi. Ranar da na fara gamawa ba kuskure, ya cire kalandar ya kai wa Bayarabiyar ta gani. Ta ce, "Alhaji, wannan ai ta fi ka." Ya ce ya sani.

Ban maimaita aji ba. Ban kuma yi nisa a karatu ba, amma ban taɓa ɓata wa mutum yadi a awo ba.

Bana ya fara da 'yata, mai shekara shida, duk Asabar in na kai ta. Amaryata yake ce mata, ita kuma ta ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Kwana biyu da rasuwar, mata sun cika ɗakin Inna, gwaggona na lissafa ranar addu'ar bakwai da yatsu tana rikicewa. Yarinyar ta zame ta shiga ɗakinsa, na bi ta. Ta hau kujerar nan, ta ɗora yatsa kan ranar da ya rasu, ta sauka gida ɗaya. Ta dawo ta ce, "Ashirin da biyar ne, Kaka." Inna ta dube ta, ta juya fuska bango. Ni kuwa a ranar na fara jin wani abu a ƙirjina da ba baƙin ciki ba.

Yanzu kowa a waya yake duba kwanan wata, har ni. Amma na sayi kalanda na rataye kusa da kekena, ni da 'yata muna yi kowace safiya kafin koko.

Gyara ne kawai bai koya mata ba. Ya ce mata sai wata ya saɓa. Ya saɓa kuwa, kwana tara bayan rasuwarsa. Na san yadda ake yi, amma ban iya ɗaukar fensirin ba tukuna. Kalandar bayan ƙofarsa har yau tana gaba da kwana ɗaya.