Ranar da Ruwa Ya Fito wa Rediyo ta Wuya

Rediyo mai aski ya gama kwashe sumar wani direba tas, ya ɗauki kofi ya kurɓi ruwa. Ruwan bai sauka ciki ba. Tari ya sarƙe shi, sai ga ruwa ya feso ta ramin wuyansa, daidai tsakiyar kan mutumin. Direba ya shafa kai, ya ɗaga ido sama, ya ce, "Maigida, rufin shagonka na yoyo ne?"

Rediyo ya goge masa da tawul, ya gyara ƙyallen wuyansa, ya koma kan saje. Ko kunya bai ji ba. An jima rabonsa da jin wani abu.

Sunan nan ba a banza ya same shi ba. Da can, in ka zauna a kujerarsa, kafin ya gama gefe ɗaya ka san wanda ya sayi babur da wanda matarsa ta yi yaji. Sai ciwon daji ya kama maƙogwaron. Likitoci suka cire shi, suka bar masa rami a wuya na numfashi, suka yi ta gasa wurin da na'ura har fatar ta koma kamar tsohon takalmi. Daga baya suka huda 'yar ƙofa tsakanin hanyar iska da ta abinci, suka sa wata 'yar roba. In ya danne ramin da babban yatsa, magana ta fito, kamar daga cikin tulu. Mai aski kuwa hannu biyu yake so, saboda haka labari ya ragu, aski ya ƙara sauri.

'Yar ƙofar ce yanzu ta buɗe ta wuce robar. Duk abin da ya sha, hanyar huhu yake bi. Aka zura masa tiyo ta hanci, matarsa ce ke ɗura masa abinci da sirinji, shi kuma yana kallon bango.

Likita ya ce naman da aka gasa ba ya riƙe ɗinki, sai an yanko tsoka daga ƙirjinsa an toshe wurin. In an toshe, zai ci, zai sha. Maganar ce dai za ta tafi.

"Baban yara, ka yi tunani," in ji matarsa. "Ko faɗanka ne, mun saba."

Randar da ke tsakar gida ya tsura wa ido. Da safe ya ce a shirya masa jakar asibiti.

Ya tsaya kulle shago, telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo, ashe labari ya riga ya kai.

"Rediyo, an ce za a cire maka batir! To mu huta. Ba ka da wata sanarwa ta ƙarshe?"

Rediyo ya juya makulli, ya jijjiga kwaɗon, ya sa a aljihu. Sannan ya ɗaga yatsa ya danne wuyansa.

"Ruwa nake so in sha," ya ce. "Tawa 'yar ƙofar likita ya ce za ta ɗinku in an sa faci. Naka bakin fa? Ga keke a gabanka, ga zare, har yau ka kasa."