Maina Tela, Wanda Ya Hana Mu Zaman Makokin Mai Rai

Ni na fara gane abin da ke bayan ƙarar keken ɗinkin nan, tun ba wanda ya sani a Magaria. Yanzu da ido ya gaza, Maina tela ya bar rumfarsa ta bakin kasuwa, kowa cewa yake ai da ma ya sani. Ƙarya suke yi. Ni Tamu mai jakai, da na ga yunwar Kakalaba na tashi, na yi wa kumandan, Baturen Faransa, dako har Damagaram sau tara ban faɗi ba, ni na gani. Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, wannan ma faɗa nake yi ana rubutawa, amma ba mai gyara mini zance.

Kullum da hantsi Maina zai share rumfa, ya ɗiga wa keke mai, ya hau taka. Ƙafa na aiki, baki na motsi. Mutane sun ɗauka wuridi yake yi. Rannan na kawo masa ɗinkin mangala, sai igiyar keken ta tsinke, ƙara ta ɗauke, bakinsa bai tsaya da wuri ba. Na ji abin da ba Hausa ba, ba Larabci ba, ba kuma yaren kumandan ba.

Na ce, "Maina, wane zikiri ne wannan?"

Ya waiga hagu da dama, sannan ya ɗaga ƙyallen da ke cinyarsa. Wani littafi ne marar bango, na koyon Ingilishi, da ya samo a Kano lokacin da yake koyon ɗinki. Ya ce, "Bita nake yi, Baba Tamu. Ina zuwa, kana zuwa, yana zuwa. Na je, ka je, ya je. Haka ake jera su har su zauna."

Na ce, "Duk wannan zuwan, kuma kana nan zaune?"

Bai yi dariya ba. Ni ma da na tuna shekarar da muke ciki, dariyar ta koma. Lokacin babban yaƙi ne, Faransa da Ingila sun ɓata, an rufe iyaka. Wanda aka ji da yaren Ingilishi a bakinsa, ɗan leƙen asiri ne, sai kaso, wato kurkuku. Ni kaina da nake ratsa daji da jakaina zuwa ƙasar Ingilishi, wajen Kano, ko matata ba na gaya wa ranar tafiya.

A wata dawowa aka damƙa mini takarda mai hatimi, aka ce ta gidan yayata Tabawa ce a Dungass. Ɗanta Jibo ya guje wa aikin tilas ya ƙetare, can ya shiga sojan Ingilishi, aka kai su yaƙin Habasha. Shekara guda ba labari. Na cusa takardar cikin akumarin jaki na kawo.

Kafin in sha ruwa gari ya yanke hukunci. Wani da ya taɓa zama a Kano ya ce shi ya san irinta, Turawa ba sa buga hatimi sai an mutu. Saude, matar Jibo, ta tsefe kai za ta shiga takaba. Aka fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Baffan yaron har ya je garke yana duba dabbobin gado. Tabawa ba ta yi kuka ba, ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa. Ta dai ja ni gefe ta ce, "Tamu, babu wanda zai duba ta?"

Na ce akwai. Na ɗora ta a jaki muka nufi Magaria.

Maina ya buɗe takardar a ƙarƙashin ƙyalle. Ya ce, "Baba Tamu, littafina rubutun inji ne, kowane harafi a tsaye shi kaɗai. Wannan rubutun hannu ne, duk a sarƙe. Ban taɓa ganin irinsa ba."

Na ce, "Ka dai faɗa mata wani abu, ta taho daga nesa."

Ya ce, "Ba zan gaya wa uwa abin da ban tabbatar ba. Ku ba ni kwana uku."

Kwanakin nan uku sun fi mini dakon Damagaram nauyi. Ya ɗauki allin da yake zana yadi, yana kwance kalma ɗaya ɗaya a kan baƙin ƙyalle, ya gwada da na littafi, ya goge, ya sake. Tabawa na zaune a inuwar rumfa tana kallon hannunsa, ba ta ci ba ta tambaya. Ni ina bakin hanya kamar mai gyaran kaya, ina gadi.

Rana ta biyu sai ga wani gardi, ɗan sandan kumandan, da wandon kakinsa ya yage. Na yi tari har maƙogwarona ya yi zafi, amma ya riga ya shiga. Ya tsaya a kan ƙyallen ya ce, "Tela, wannan zane-zanen fa?"

Maina bai ɗago ba. Ya ce, "Awon mutane ne, ranka ya daɗe. Miƙo ƙugun in auna naka, na ga tuwon bariki ya karɓe ka."

Gardin ya yi dariya ya miƙa ciki. Takardar tana ƙarƙashin cinyar Maina har aka gama ɗinkin. Gardin ya fita. Na ce wa Maina ya bari haka, mu ƙone takardar. Ya ce saura layi huɗu.

Rana ta uku bayan azahar ya zo ya durƙusa gaban Tabawa. Ya ce, "Inna, daga gidan likitan soja aka rubuto. An harbe shi a hannun hagu, ya rasa yatsu biyu, yana warkewa. Yana gaishe ki. Ya ce Saude ta yi haƙuri ta jira. Ya ce kuma jar karsanarsa mai karyayyen ƙaho, kada a bar baffansa ya taɓa ta."

Wane Bature ne ya san karsanar nan? Tabawa ta ce, "To." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta tashi ta nufi inda na ɗaure jaki.

Maina, kai ne ka sa aka naɗe tabarmin makoki a Dungass, aka kira mai kitso. Kai ne ka koyi yaren da ba mai koya maka, ba mai gyara maka, a garin da jinsa a bakinka zai iya kai ka kaso. Shekara goma sha bakwai ke nan, takardar duk wanda ɗansa ke ƙasar Ingilishi, daga Bande har Dantchiao, rumfarka take zuwa, ba ka taɓa cewa ka gane abin da ba ka gane ba. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sanyaya idon nan. Ku kuma masu lakwal, da malami da allo da izinin hukuma, ku je ku zauna gabansa tun yana iya magana.

Wanda ya ce Tamu tsufa ne ke sa shi ƙari, kada ya yi gardama da ni a kasuwa. Ya kama hanyar Dungass, ya tambayi gidan Jibo soja, ya yi sallama. Mai gidan zai fito da kansa. Ya ce ya ɗaga masa hannun hagu, ya ƙirga yatsun, sannan ya dawo ya maimaita maganar a gabana.