Farar Takardar da Na Kai Damagaram

Mun tashi daga Agadez ana sallame sallar asuba, ni da wata ambulan a cikin jakata. Ta ƙawata ce, wadda muka yi jami'a tare. Yanzu tana binciken sankarar mama a ƙasar waje, ni kuwa ina labo, ɗakin gwaji na asibiti, ina duba jinin masu masassara. Ta zo Agadez gaida tsohuwarta, ta mance ambulan ɗin, ta kira ni in kai mata, ga shi jibi za ta wuce daga Damagaram. In ba ta isa hannunta ba, aikinta na wata shida ya tsaya.

Abin da ke ciki farar takarda ce da 'yar da'irar da aka zana da kireyon. A da'irar aka ɗiga plasmid ya bushe, wato ɗan zoben DNA da ake sa wa ƙwayoyin halitta su ƙera makarɓin sinadarin mata, estrogen, irin na mutum. Ni na koya mata wannan darasin a aji. Ni na fi ta maki.

Hanya ta ci ƙaniyarmu da ramuka. A shinge wani jandarma ya buɗe ambulan ɗin, ya juya takardar gaba da baya. "Madam, wasiƙar ba rubutu?" Na yi masa bayani har direba ya ce, "Ashe da babbar likita muke tafe." Ban ce masa ba tawa ba ce.

A Aderbissinat muka tsaya. Cuku ya yi tsada, uku jaka guda, mai shayi kuma ya cika kofi har baki. Na zauna da kofin a hannu, ambulan a cinya. Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin in hannuna ya ɗan karkace, wa zai ce da gangan ne? Na daɗe a haka kafin na mayar da ita jaka.

A tashar Damagaram ta rungume ni, tana ƙamshin turaren da ban san sunansa ba. "'Yar'uwa, ke kaɗai na yarda a ba wa. Wani zai ɗauka takardar banza ce." Yabo ne, amma ya ƙone ni.

Washegari na dawo gida. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne ina iya riƙe amana, hassadar kuwa ba ta sauka a hanya ba. Da ita na buɗe labo ran Litinin, mutum goma sha ɗaya suna jirana.