Takardar Neman Aiki Mai Ƙamshin Humra

Shekarun baya kaɗan, ina sabuwar gama kwalejin ilimi, wata makarantar kuɗi a Talata Mafara ta ce tana neman malamar Hausa. Duk mai so ta zo ranar Asabar da takardarta, a yi mata tambayoyi nan take. Shekara guda ke nan ina zaune gida a Bakura, daga wanke-wanke sai karatun littattafan soyayya, har mahaifiyata ta gaji da ganina a kan tabarma. Aikin nan na sa shi a raina ƙwarai.

Na ce ai rubutu gidana ne. Na sayi takarda ruwan hoda mai furanni a gefe, na cika shafi uku, na ɗiga mata humra. Yayata da ke aikin asibiti a Maradun ta zo hutu, ta ce, "Kawo in duba miki." Na hana. Me mai allura ta sani game da kalamai?

A ofis na tarar da shugabar makarantar da wani dattijon malami mai tabarau. Muka gaisa har da tambayar mutanen Bakura, na miƙa takarda. Dattijon ya warware ta, ya yi atishawa sau biyu, ya fara karantawa da ƙarfi:

"'Ya ke ma'abociyar ilimi, tun ranar da idanuna suka sauka a kan ƙofar makarantarku barci ya ƙaurace mini...' Hajiya, wagga taki ce, ba tawa ba."

Shugabar ta karɓa, ta bi shafukan da yatsa har ƙarshe. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina jiran yabo.

"Ɗiyata, mi kinka karanta a kwaleji?"

"Hausa, Hajiya."

"To ina kinka rubuta? Wace shekara kinka ƙare? Ina lambar wayarki? Ko sunanki ban gani ba, sai 'taki har abada'."

Dattijon ya ce, "Har abada kuma? Mu gwajin zango guda muke fara yi."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Amma Hajiya, kin ga inda na kwatanta iliminku da ruwan madatsar Bakolori?"

"Na gani, ya yi kyau. Sai dai ba ni iya kiran Bakolori in tambaye shi halinki."

Ta yi mini adalci, ta ba ni farar takarda ta ce in sake. Na rubuta suna da shaidar karatu da lambar waya. Da na zo wurin wanda zai tsaya mini, sai na tuna ban roƙi kowa ba, na sa mahaifiyata. Shugabar ta dube ni ta ce malamin da ya koyar da ni take so, ba wadda ta goya ni ba.

Wadda ta shiga bayana, rabin shafi ta kawo, da wasiƙar malaminta. Ita aka ɗauka.

A motar komawa Bakura na yi ta kuka, kuma abin takaici, ina kukan ina tsara yadda zan siffanta hawayen a zuciyata. Da na isa gida na ba ta labari, yayata ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta zaunar da ni ta faɗa mini layi bakwai, busassu ƙarau. Ta tura ni na je na gaida tsohon malamina na roƙi wasiƙarsa. Da su na samu aiki bayan 'yan watanni.

Na gane cewa mai ɗaukar ma'aikaci so yake ya san me ka iya da wanda ya shaide ka, yadda zuciyarka ke bugawa bai dame shi ba. Na yarda, amma har yau abin na ba ni haushi, don wallahi shafi ukun nan ban taɓa rubuta kamarsu ba.

Yanzu ni ke koyar da rubutun wasiƙa. Duk yarinyar da ta fara takardar neman aiki da "ya kai farin wata", nakan karanta sau biyu don in ji daɗina, sannan in ja mata jan biro.