Shekarar da Kawu Ya Hana Jan Ruwa

Jiya a kasuwar Gure wata mai albasa ta yayyafa wa lawashinta ruwa daidai ina wucewa, ƙanshin ya tsayar da ni cak. Ƙanshin garkar kawuna ke nan, can cikin kwari tsakanin tuddan rairayi, inda dabino da goruba ke yi wa fangalin albasa inuwa.

Kawu yayan innata ne, a gidansa na tashi. In ka tambayi duk wanda ya san shi, zai ce maka mutum ne mai tsara magana. Makiyayi da mai garka in sun yi rigima kan ɓarna, wurinsa suke zuwa. Ya saurari wannan da Hausa, ya saurari wancan da Barbarci, ya jera musu zance daki-daki har kowa ya tashi ba ƙorafi.

Cikin wani sanyi, ban daɗe da shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, abin ya soma. Bai yi ihu ba, bai yaga riga ba. Sallarsa na nan, gaisuwarsa na nan. "Saboda haka" ɗinsa ce kawai ta daina haɗa gaba da baya. Wata safiya ya riƙe igiyar guga, ya ce da muryar nan tasa ta raba gardama:

"Rijiya tana da baki, ni ma ina da baki. Saboda haka duk wanda ya ja ruwa, maganata yake kwashewa."

Mu yara muka fashe da dariya, mun zaci wasa ne. Shi kuwa ya zauna a bakin rijiyar, ya hana kowa taɓa guga.

Albasa ta soma langaɓewa, ita ce kuwa ke ciyar da gidan har damina. Dattawa suka zo suna kawo masa hujja, yana mayar musu cikin ladabi, kowace kalma daidai take, amma in ka haɗa su ba su kai ka ko'ina. Da suka gaji, wani ya ce a ɗaure shi kawai.

Sai ga Kaka, mahaifiyarsa, ta gangaro kwarin tana dogara sanda. Ba ta dubi kowa ba. Ta tsuguna gabansa.

"Ɗan nan, aro na zo. Ba ni maganarka in shayar da albasa, da la'asar in mayar maka."

Ya dube ta. "Za ki mayar, Inna?"

"Na taɓa cin amanarka?"

Ya saki igiyar.

Da la'asar ta shimfiɗa tabarma a gindin dabino, ta zaunar da shi, ta yi ta zuba masa labari: raƙuman kanwa da ke wucewa tana yarinya, daminar da aka haife shi, rijiyoyin da rairayi ya binne. Ni nake kai musu fura, in raɓe kusa da ƙafarta, ƙasa mai laima tana sanyaya mini tafin hannu. Haka aka yi kullum har aka cire albasa. Daga nan ta tsaya kai da fata sai an kai shi asibiti a Damagaram, ita da kanta ta hau bayan mota ta raka shi.

Ya dawo da magani. A hankali zancensa ya koma kan hanya, ko da yake bai sake raba gardamar kowa ba. Bayan na yi aure na taɓa tambayarsa yadda abin yake a ransa.

"Ƴata," ya ce, "ni ban ga karkata ba. Hanya miƙaƙƙiya nake gani, ku nake mamaki."

Yau su duka biyun sun riga mu gidan gaskiya. Rairayi ya cinye rabin kwarin, injin hasken rana ke jan ruwa a sauran. Likitoci kuma suna cewa irin wannan rikicewar tunani alamar ciwo ce, kamar zafin jiki, ana neman magani tun da wuri, kuma na gode wa Allah da haka. Amma har yanzu nakan tarar da yara a tasha sun kewaye wani suna dariyar zancensa. Sai in kore su, in tsaya in gaishe shi gaisuwar manya, in jira har ya gama amsawa.